Ta Yaya Banki Yake Gane Cewa Mai Katin Ne Yake Biyan Kuɗi?

Tambaya: Ina amfani da katin banki wajen sayayya a gaban na'ura da kuma ta intanet. Wani lokaci ana neman lambar sirri ko a turo mini lamba ta waya, wani lokaci kuɗin ya fita ba a tambaye ni komai ba, wani lokaci kuma a ƙi karɓar katin alhali akwai kuɗi a asusun. Ga shi kuma manhajar bankin tana rarraba mini abin da na kashe kashi-kashi. Da me suke gane cewa ni ne, kuma me suke yi da bayanan sayayyata?

Amsa: Malam, abubuwan nan huɗu da ka lissafa tushensu ɗaya ne. Bankin da ya ba ka kati ba ya ganinka a lokacin da kake biya; abin da yake isa gare shi ɗan gajeren saƙo ne da ya taso daga na'urar ɗan kasuwa, ya bi ta bankin ɗan kasuwar, ya ratsa ta kamfanin kati irin su Visa ko Mastercard, kuma dole ne ya amsa da amincewa ko ƙi kafin ka gaji da jira. Hujjojin da yake dogaro da su iri biyu ne. Akwai wadda kai kake gabatarwa da saninka, kamar lambar sirri ko zanen yatsa, akwai kuma wadda ake tarawa a hankali ba tare da ka lura ba, wato tarihin yadda ka saba kashe kuɗi. A ganina ta biyun ce ta fi nauyi a yau, domin sau da yawa ita ce take yanke ko za a nemi ta farkon ko za a ƙyale ka ka wuce. Wannan ne ya sa tantance mai kati da nazarin kashe kuɗinsa suka zama aiki ɗaya mai fuska biyu, kuma wanda ya fahimci wannan zai gane amfaninsu da haɗarinsu a lokaci guda.

Tantancewa ta farko tana faruwa ne tun kafin a buga katin. Hukumar FATF, wadda ƙasashe bakwai masu ƙarfin tattalin arziki, G7, suka kafa a birnin Paris a 1989 don yaƙi da halasta kuɗin haram, ta fitar da shawarwari 40 da yawancin ƙasashen duniya suka mayar da su doka, kuma ta 10 a cikinsu ta wajabta wa cibiyoyin kuɗi su san wanda suke hulɗa da shi, su tabbatar da sunansa daga tushe amintacce, sannan su ci gaba da sa ido kan hada-hadarsa. A da mutum yakan je da ƙafarsa, ma'aikaci ya dubi takardar shaida ya dubi fuskarsa. Yanzu da ake buɗe asusu ta waya, manhaja ce take ɗaukar hoton takardar, ta karanta rubutun da ke jikinta, ta bincika ko an yi mata kwaskwarima, sannan ta nemi mutum ya ɗauki hoton fuskarsa domin a gwada da wanda yake kan takardar. Umarnin nan na juya kai ko ƙifta ido da ake ba mutum gwaji ne na tabbatar da cewa rayayyen mutum ne a gaban kyamara, ba hoton da aka ɗaga ko bidiyon da aka kunna ba. Hanya mafi inganci a wannan mataki ita ce karanta cif, wato ƙaramar kwamfutar da ke cikin fasfo na zamani, wanda aka gina bisa ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, saboda bayanan da ke cikinsa suna ɗauke da sa hannun lantarki na ƙasar da ta bayar da fasfon, kuma jabunsa ya fi na hoton takarda wahala nesa ba kusa ba. Wasu ƙasashen sun bi ta hanyar rumbun bayanai na ƙasa, kamar Aadhaar na Indiya mai lambobi 12, wanda kotun ƙolin ƙasar ta taƙaita wa kamfanoni masu zaman kansu amfani da shi a hukuncinta na 2018.

Gwajin fuska yana da rauni guda da ya kamata a faɗe shi ƙarara. A Disambar 2019 cibiyar ƙa'idoji da fasaha ta Amurka, NIST, ta gwada tsare-tsaren gane fuska 189 daga kamfanoni da cibiyoyi 99, ta kuma gano cewa da yawa daga cikinsu sun fi yin kuskuren ɗaukar fuskar wani a matsayin ta wani idan fuskokin na 'yan Afirka ne ko na 'yan Asiya, a wasu tsare-tsaren har ninki 10 zuwa 100. Bambancin ya dogara da tsarin da aka gwada, kuma mafi inganci a cikinsu ba su nuna babban giɓi ba, amma sakamakon ya isa hujja ga duk bankin da yake da hankali ya tanadi ma'aikacin da zai duba da idonsa idan na'ura ta ƙi mutum, maimakon a bar shi yana ta maimaita hoto ba tare da mafita ba. Ga kuma sabuwar barazana ta bidiyon bogi da ƙirƙirarriyar basira take haɗawa, wanda 'yan damfara suke cusawa kai tsaye cikin manhaja a madadin abin da kyamara ta ɗauka.

Idan kati ya zo hannunka, lambar da ke jikinsa ma tana da tsari. Lambobi shida na farko, ko takwas a sabon tsari, su ne suke nuna kamfanin kati da bankin da ya bayar da shi. Na Visa suna farawa da 4, na American Express da 34 ko 37. Lamba ta ƙarshe kuwa ta bincike ce, ana samo ta daga sauran ta hanyar lissafin da Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ya ƙirƙiro a shekarun 1950. Aikinta kama kuskuren bugawa ne kawai, shi ya sa shafin sayayya yake gane ka yi kuskure tun kafin ya tuntuɓi banki. Ba ta kare kowa daga ɓarawo, domin lissafin a bayyane yake ga duk mai son saninsa.

A gaban na'urar POS ko ATM, tambayoyi biyu ake amsawa: shin katin na gaskiya ne, kuma shin wanda yake riƙe da shi mai shi ne? Shekaru da dama baƙin zirin maganaɗisun da ke bayan kati ne yake amsa ta farko, sa hannu kuma ya amsa ta biyu, kuma dukkansu ba su da ƙarfi. Bayanan zirin ba sa canzawa, saboda haka duk wanda ya karanta su sau ɗaya da ƙaramar na'urar da ya maƙala a bakin ATM zai iya rubuta su a kan wani katin ya ci gaba da amfani da shi. Cif ne ya kawo ƙarshen wannan. Bafaranshe Roland Moreno ya yi rajistar fasahar kati mai cif a 1974, bankunan Faransa suka rungume ta tun farkon shekarun 1990, sannan Europay da Mastercard da Visa suka haɗu suka fitar da ƙa'ida ɗaya a tsakiyar shekarun 1990 wadda ake kira EMV da haruffan farko na sunayensu. Cif ɗin ƙaramar kwamfuta ce da take ɗauke da mabuɗin sirri wanda ba ya fita daga cikinta. A kowane ciniki yana haɗa adadin kuɗin, da kwanan wata, da wata lamba da na'urar ɗan kasuwa ta zaɓo ba tare da tsari ba, da kuma ƙidayar cinikin da aka yi da katin, ya fitar da hatimi na musamman wanda bankinka kaɗai yake iya tabbatarwa. Ko da wani ya saci hatimin, ba zai yi masa amfani a ciniki na gaba ba. Biya ta hanyar kusantar da kati ga na'ura ma wannan cif ɗin ne yake yin sa, sai dai ta igiyar rediyo mai cin santimita kaɗan, kuma ana yafe lambar sirri a ƙananan kuɗi har zuwa wani iyaka. Zirin maganaɗisu kuwa yana kan hanyar ɓacewa: Mastercard ta sanar cewa zuwa 2033 babu katinta da zai rage da shi.

Abin lura a tarihin cif shi ne abin da ya sa aka karɓe shi. Fasahar ta daɗe a ƙasa kafin wasu ƙasashe su ɗauka, kuma abin da ya tura su shi ne sauya wanda zai ɗauki asara. A Birtaniya an wajabta amfani da lambar sirri daga 14 ga Fabrairun 2006, a Amurka kuwa sai a Oktoban 2015 kamfanonin kati suka ce idan an yi zamba da katin jabu, ɓangaren da bai koma cif ba, banki ne ko ɗan kasuwa, shi zai biya. Ka riƙe wannan batu na alhakin asara, domin shi ne yake bayyana abubuwa da yawa da suke ba mai kati mamaki. Kuma kada a ɗauka cif ba shi da aibi: a 2010 masu bincike a Jami'ar Cambridge, ciki har da Ross Anderson da Steven Murdoch, sun nuna yadda za a sa wata na'ura tsakanin katin sata da POS, ta gaya wa POS cewa lambar sirri ta yi daidai, ta kuma sa katin ya ɗauka ba a nemi lambar ba. Darasin da ke ciki yana da muhimmanci ga masu sauraron ƙorafi a bankuna: rubutun da ya nuna an yi amfani da lambar sirri hujja ce mai ƙarfi, amma bai isa shi kaɗai a ɗora wa mai kati laifin sakaci ba.

Da aka toshe ƙofar katin jabu, sai 'yan damfara suka koma intanet, inda babu cif da za a karanta. A can, a asali, lambar kati da ranar ƙarewarsa da lambobi uku na baya su ne dukkan hujjar. Manufar lambobi ukun ita ce nuna cewa katin yana hannunka, shi ya sa ƙa'idar tsaron bayanan kati ta PCI DSS, wadda ta fara fitowa a Disambar 2004, ta haramta wa 'yan kasuwa ajiye su bayan an amince da ciniki. Amma lambobi uku zaɓi 1,000 ne kacal, kuma a 2016 masu bincike a Jami'ar Newcastle sun nuna cewa idan aka rarraba cankar a kan shafukan sayayya masu yawa a lokaci guda, ana iya gano ranar ƙarewa da lambobin baya cikin daƙiƙu kaɗan ba tare da wani shafi ɗaya ya ga yunƙuri da yawa ba. Saboda irin wannan rauni ne aka samar da tsarin 3-D Secure, wanda Visa ta fara yaɗawa a 2001, inda shafin ɗan kasuwa yake miƙa ka ga bankinka na ɗan lokaci domin ya tambaye ka wani abu da kansa. Sigar farko ta gallabi mutane: ana mantuwar kalmar sirri, shafin ba ya zama daidai a waya, masu saye da dama suna watsar da cinikin. Siga ta biyu da kamfanin EMVCo, mai kula da ƙa'idar EMV, ya fitar a 2016 ta sauya salon gaba ɗaya. Yanzu shafin ko manhajar ɗan kasuwa tana aika wa bankinka bayanai masu yawa a ɓoye, kamar irin wayar ko burauzar da kake amfani da ita, da harshen da aka saita ta, da adireshin intanet ɗin da ka fito, da inda za a kai kayan, da tsawon lokacin da ka yi kana hulɗa da ɗan kasuwar. Idan bankin ya gamsu, sai ya amince shiru, kai kuma ka ga kuɗi ya fita ba a tambaye ka komai ba. An tantance ka ne a wannan lokacin, ba ka dai gani ba.

Akwai wasu dalilan kuma da suke sa a tambaye ka ko a ƙyale ka. Tarayyar Turai, a ƙarƙashin dokar biyan kuɗi ta PSD2, ta wajabta tantancewa mai ƙarfi daga 14 ga Satumban 2019, tare da ƙarin wa'adi ga cinikin intanet zuwa ƙarshen 2020. Ma'anarta a haɗa biyu daga cikin abubuwa uku: abin da ka sani kamar lambar sirri, abin da ka mallaka kamar waya, da abin da yake jikinka kamar zanen yatsa. Amma dokar da kanta ta buɗe ƙofofi. An yafe cinikin da bai wuce yuro 30 ba matuƙar ba a jera fiye da biyar ba ko jimillarsu ba ta haura yuro 100 ba. An kuma yarda a yafe cinikin da nazari ya nuna haɗarinsa kaɗan ne, gwargwadon tsaftar tarihin bankin: har yuro 100 idan zambar da ake yi ta hannunsa ba ta wuce kashi 0.13 cikin 100 ba, yuro 250 idan ba ta wuce 0.06 ba, yuro 500 idan ba ta wuce 0.01 ba. Wannan tsari ya burge ni, domin ya mayar da sauƙin da abokin hulɗa yake samu lada ga bankin da ya iya aikinsa. Indiya ta riga Turai, tun 2009 babban bankinta ya wajabta ƙarin tantancewa a cinikin intanet na cikin gida. A ƙasashen da babu irin wannan doka, ɗan kasuwa ne yake zaɓa: idan ya bi ta 3-D Secure alhakin zamba yakan koma kan bankin mai kati, idan kuma ya tsallake domin kada ya wahalar da masu saye, shi zai mayar da kuɗin idan aka yi ƙorafi. Manyan kamfanoni da suka amince da nasu tsarin gano zamba sukan zaɓi na biyun. Haka kuma kuɗin da ake cira wata-wata bisa izinin da ka bayar tun farko ba a sake tambayarka a kansa.

Lambar wucin gadi da ake turowa ta saƙon tes ita ce hanyar da aka fi sani, kuma tana cikin mafi rauni. Tana tabbatar da cewa wanda yake biya yana iya karanta saƙonnin layinka, kuma layi yana iya kuɓucewa: ɗan damfara yakan yaudari kamfanin waya ko ya haɗa baki da ma'aikaci a mayar da lambarka kan sabon sim, a Jamus kuma a 2017 an tabbatar da cewa ɓarayi sun karkatar da irin waɗannan saƙonni ta hanyar raunin tsarin SS7 da kamfanonin waya suke sadarwa da shi. A wannan shekarar NIST ta sanya saƙon tes cikin hanyoyin da ake amfani da su bisa taƙaitawa. Abin da ya fi shi shi ne amincewa a cikin manhajar banki, inda wayar take riƙe da mabuɗin sirri a wani keɓaɓɓen sashe nata, yatsanka ko fuskarka kuma su buɗe shi. A wannan tsari zanen yatsan ba ya barin wayar. Abin da banki yake karɓa sa hannun lantarki ne kawai. Ƙa'idojin ƙawancen kamfanonin fasaha na FIDO, waɗanda Apple da Google da Microsoft suka sanar da faɗaɗa goyon bayansu gare su a Mayun 2022, sun ƙara wani abu mai daraja, wato mabuɗin ba ya aiki sai a shafin gaskiya, saboda haka shafin bogi ba shi da abin da zai karɓa daga hannunka.

Kusa da wannan akwai lambar madadi. Bayan satar bayanan kati kusan miliyan 40 daga kamfanin Target na Amurka a 2013, hankali ya ƙara komawa kan rage wuraren da lambar kati ta gaskiya take kwana. EMVCo ya fitar da ƙa'idar lambar madadin a 2014, kuma a Oktoban shekarar Apple Pay, tsarin biya ta waya na kamfanin Apple, ya fara aiki da ita. Idan ka sa katinka a waya ko ka ajiye shi a wani shafi, kamfanin kati yakan bayar da wata lamba dabam wadda aka ɗaure ta da wannan wayar ko wannan ɗan kasuwar kaɗai, ta yadda idan an sace ta ba za ta yi aiki a wani wuri ba. Daga 1 ga Oktoban 2022 Indiya ta hana 'yan kasuwa ajiye lambar kati ta gaskiya gaba ɗaya.

Yanzu mu zo kan ƙin karɓar kati alhali da kuɗi a asusu, wanda shi ne ya fi ɓata wa mutane rai. Kowane ciniki yana samun makin haɗari kafin a amsa shi. Wannan ba sabon abu ba ne: kamfanin HNC Software ya fitar da manhajar Falcon a 1992, wadda take koyo daga miliyoyin cinikin da aka riga aka san na gaskiya ne ko na zamba, kuma har yau tana aiki a ƙarƙashin kamfanin FICO, Visa ma ta fara amfani da irin wannan fasaha tun 1993. Tsarin yana riƙe da taƙaitaccen hoton ɗabi'arka: matsakaicin abin da kake kashewa, lokutan da ka saba biya, irin wuraren da kake sayayya, ƙasashe da biranen da katin ya saba bayyana. Yana aiki kamar mai gadin da ya daɗe a ƙofa ɗaya har yana gane mutanen gida daga takunsu, ba ya tsayar da kowa sai wanda tafiyarsa ta yi masa baƙo. Yana kuma duban abubuwan da ba su shafe ka kai kaɗai ba, misali ko ɗan kasuwar nan ya sha fitowa a ƙorafe-ƙorafe a 'yan kwanakin nan, ko wayar nan ta gwada katuna goma cikin awa guda, ko an yi ƙaramin ciniki na gwaji sannan babba ya biyo baya nan take, ko katin ya bayyana a wurare biyu da babu jirgin da zai haɗa su cikin wannan tazarar lokaci. Wasu bankunan sun ƙara da nazarin yadda kake riƙe waya da saurin bugun yatsunka.

Wahalar aikin tana cikin lissafi. Mu ƙaddara, don misali kawai, cewa a cikin ciniki 10,000 guda 10 ne na zamba, kuma tsarin yana kuskure sau 1 a cikin 100. Zai kama kusan dukkan goman, amma zai tsayar da kusan mutum 100 masu gaskiya tare da su. Kowane banki dole ne ya zaɓi inda zai ja layi, tsakanin asarar da zai yi idan ya saki ɓarawo da abokin hulɗar da zai fusata idan ya tsare shi. Saboda haka idan ka sayi sabuwar waya, ka shiga wani shafi na ƙasar waje da tsakar dare, ka nemi biyan kuɗin da ya ninka abin da ka saba, to a idon tsarin ka yi kama da wanda ya sace katinka. Banki nagari a irin wannan hali yakan tambaye ka ta manhaja nan take maimakon ya ƙi kai tsaye, kuma ina ganin wannan ne ma'aunin da ya kamata a auna bankuna da shi. Ban da makin haɗari, akwai dalilai masu sauƙi da suke jawo ƙi, kamar iyakar kashewa ta rana, ko rufe cinikin ƙasashen waje a saitin katin, ko kuɗin da otal ko kamfanin hayar mota ya riƙe na wucin gadi, ko kuma tsarin ɗan kasuwar ne da kansa ya ƙi kafin saƙon ya kai banki.

Rarraba kashe kuɗi da kake gani a manhaja daga saƙon nan da na'urar ɗan kasuwa take aika wa banki yake fitowa. Kowane ɗan kasuwa mai karɓar kati yana da wata lamba mai lambobi huɗu da take nuna irin sana'arsa, bisa ƙa'idar ISO 18245: 5411 ta kantunan kayan masarufi ce, 5812 ta gidajen abinci, 5541 ta gidajen mai, 6011 ta cire kuɗi a ATM, 7995 ta caca. Manhajar tana haɗa wannan lamba da sunan ɗan kasuwar, wanda sau da yawa yakan zo a gutsure ko da sunan kamfanin da ya ba shi na'ura, sai ta yi ƙoƙarin gyara shi ta sa shi a rukuni. A mafi yawan ciniki bankin ba ya ganin jerin kayan da ka saya. Yana ganin wuri da lokaci da adadi. Shi ya sa idan ka sayi magani a babban kanti zai fito a rukunin kayan masarufi, kuma idan an yi wa ɗan kasuwa rajista da lambar da ba ta dace ba, duk cinikinsa zai riƙa faɗawa inda bai kamata ba. Waɗannan lambobi suna da aiki fiye da ado: da su ake lissafin ladan sayayya, da su kamfanoni suke taƙaita inda ma'aikata za su yi amfani da katin ofis, da su kuma wasu bankuna suke ba mutum damar toshe wa kansa caca.

Wuri da lokaci da adadi suna kama da bayani kaɗan, amma suna faɗin abu mai yawa. A 2015 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka ƙarƙashin Yves-Alexandre de Montjoye sun nazarci cinikin kati na mutum miliyan 1.1 na tsawon wata uku, wanda aka cire sunaye da lambobin asusu daga cikinsa, suka gano cewa sanin wuri da ranar ciniki huɗu kacal ya isa a ware mutum daga cikin taron a kashi 90 cikin 100 na lokuta. Saboda haka idan kamfani ya ce yana raba bayanai ne bayan ya cire sunaye, tambayar da ta dace ita ce ko bayanan a dunƙule suke, kamar jimillar abin da aka kashe a wani yanki, ko kuwa layi-layi ne na kowane mutum. Na farkon yana da amfani ga masu nazarin tattalin arziki kuma haɗarinsa kaɗan ne. Na biyun bai ɓoye kowa ba. A 2018 kafar Bloomberg ta ruwaito wata yarjejeniya tsakanin Google da Mastercard ta auna ko tallan intanet yana kai mutane ga sayayya a kantuna, kuma abin da ya tayar da ƙura shi ne yawancin masu katin ba su san da ita ba. Mafi muni shi ne a juya tarihin mutum a kansa: a 2008 hukumar cinikayya ta tarayyar Amurka, FTC, ta shigar da ƙarar kamfanin CompuCredit, tana zarginsa da abubuwa da suka haɗa da rage wa mutane iyakar bashi saboda sun yi amfani da katin a wurare kamar wajen masu sasanta ma'aurata ko shagunan jingina, ba tare da ya bayyana musu cewa yana yin haka ba.

A nan ne nake jan layi. Nazarin da ake yi don a gane ko kai ne kake biya yana cikin amanar da ka ba banki, kuma babu yadda za a kare ka ba tare da shi ba. Amfani da bayanan don talla, ko don yanke maka hukuncin bashi, ko miƙa su ga wani kamfani, manufa ce dabam da take buƙatar sanarwa a fili da izini dabam, ba sakin layi a shafi na ashirin na sharuɗɗan da ba wanda yake karantawa ba. Dokar kare bayanai ta Turai, GDPR, wadda ta fara aiki a 25 ga Mayun 2018, ta ginu a kan wannan ƙa'ida ta taƙaita manufa, kuma sashe na 22 nata ya ba mutum kariya daga hukunci mai nauyi da na'ura ta yanke ita kaɗai, har da damar neman ɗan Adam ya sake dubawa. Ƙasashe da dama sun yi dokoki masu kama da ita, saboda haka ya dace ka duba ta ƙasarka, ka kuma shiga saitin manhajar bankinka ka kashe izinin talla da raba bayanai idan ba ka buƙatarsu. Yin hakan ba ya taɓa kariyar da ake yi maka daga zamba.

Akwai gurbi ɗaya da duk waɗannan fasahohi ba su cike ba. Suna iya tabbatar da cewa katin na gaskiya ne, wayar taka ce, yatsan naka ne, amma ba sa iya sanin ko an yaudare ka. Yayin da sauran ƙofofi suke rufuwa, 'yan damfara sun koma kiran mutane da sunan ma'aikatan banki, suna tsorata su cewa ana kwashe kuɗinsu, suna neman su karanto lambar da ta shigo ko su danna amincewa domin wai a dakatar da satar. Idan ka yi haka, kowane gwaji zai nuna kai ne, kuma dawo da kuɗin zai fi wuya domin rubutu yana nuna ka amince. Dokar Turai ta wajabta a ɗaure lambar tantancewa da adadin kuɗi da sunan wanda ake biya, kuma bankuna da yawa a wasu wuraren suna rubuta waɗannan a cikin saƙon, saboda haka ka karanta shi gaba ɗaya kafin ka kwafi lambar, domin a nan ne za ka ga ko ana neman biyan kuɗi ne ko ana ƙoƙarin sa katinka a wata wayar da ba taka ba. Ba a soke ciniki ta hanyar bayar da lamba ko danna amincewa. Ka kunna sanarwar kowane ciniki, ka sa iyakar da ta dace da bukatarka, kuma idan layinka ya ɗauke ba dalili, ka tuntuɓi kamfanin waya da banki a wannan ranar. Idan wani ya kira ka da sunan banki, ka katse, ka kira lambar da aka buga a bayan katinka.